Benen da Ke Bayanmu a Hoto

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ai ni ce mai karanta miki wasiƙa.

Garin Sandamu lafiya lau. Gero ya yi kyau bana. Kawu Malam idonsa ya yi rauni, amma faɗan yana nan. Da aka zo raba kayanki, kwallar nan mai ja kawai na ɗauka, don na san hoton yana ƙasanta, inda kika ɓoye shi tun ranar da Kawu ya ce ba a rataya hoto a gidansa.

Ga shi a gabana. Baba da hularsa a karkace, ke kin sunkuyar da kai, ni a tsakiya da takalmin da ya fi ƙafata. A bayanmu ga bene fari, da tagogi shuɗɗa, da furanni.

Shekarata biyar a duniya lokacin da rikicin Kudu ya koro mu, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Muka iso a bayan motar shanu, babu Baba. Duk sanda na yi kukan a mayar da ni gida, sai ki buɗe kwalla ki ce ga gidanmu nan, yana jiranmu. Har ɗakinmu kika nuna mini, taga ta biyu daga hagu. Kin tuna ranar da na fasa wa Talatu baki a Islamiyya? Cewa ta yi ba mu da gida, ni kuwa na ce namu bene ne.

Inna, akwai abin da na ɓoye miki. Ranar da na je Daura ɗaukar hoton jarrabawa, mai hoton ya saki wani labule a bango, sai ga gidanmu. Benen, da tagogin, har furannin. Ashe zane ne a jikin ƙyalle, kowa ya zo a gabansa yake tsayawa. Na yi kuka har mutumin ya zaci fitilar kyamarar nake tsoro.

Na dawo ina jin haushinki, wallahi. Wata guda ina cin tuwonki ina kumbure-kumbure, kina tsammanin karatu ne ya yi mini zafi. Na kasa tambayarki, don na ga yadda fuskarki take saki in kina ba ni labarin benen. Na ce sai wani lokaci, har lokacin ya ƙare.

Yanzu wa zan tambaya? Ɗaki nawa ne gidan namu na gaskiya? Wane launi ne ƙofarsa? Abin da nake tunawa kawai ƙarar ruwan sama a kan kwano da ƙanshin manja. In na rufe ido don in ga sauran, benen nan ne yake tare mini.

Jiya jikarki Nana ta ga hoton, ta tambaye ni ina ne nan. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya. Sai na ga yatsana a kan taga ta biyu daga hagu.

Ki yafe mini wancan fushin, Inna. Allah Ya ba ki gidan da ba a korar kowa.

'Yarki ta fari, wadda ba kya faɗin sunanta.