Ban Sha Ruwan Rijiyar Badagiri Ba

Zuwa ga taubashiyata Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sanyaya maki makwanci. Ni ina nan Ikko wajen ɗana Sani, tun da ya ɗauko ni daga Yankara wai in huta.

Ke da ko rafin bayan gari ba ki ƙetarawa da damina sai an riƙe maki hannu, to ki sani na shiga kwalekwale, kuma ban yi salati da ƙarfi ba sai sau ɗaya. Sani ne ya kai ni Badagiri, wani tsohon gari a bakin teku. An nuna mani bene, wai shi ne na farko a ƙasar nan. Na hau na sauko, gwiwoyina suka ce ba da su ba.

Daga nan sai ɗakin da suka ajiye kayan cinikin bayi. Sarƙoƙi, mari, har da ƙarfen da ake kulle wa mutum baki. Mai yi mana bayani ya ce in ɗaga sarƙar wuya in ji nauyinta. Na ɗaga, Talatu. Dariyar da na shigo da ita ta tsaya cak. Ƙafarki na tuna. Waɗanda suka kuɓuto daga hannun ’yan bindiga sun ce da sarƙar babur aka ɗaure ki a daji, har rai ya yi halinsa.

Mutumin ya ce Turawan jirgi ba su san hanyar gidan kowa ba, na gida ke nunawa. Wannan karatun na riga shi sani. Ɗanlami mai faci ne ya zo da safen ranar da aka ɗauke ki yana tambayar gonar da za ki roron wake. Ɗanlamin da kika goya lokacin da uwarsa ke kwance. Yanzu an yi sulhu da ’yan bindigar, ga shi can a sahun gaba a masallaci, har da carbi.

Da muka ƙetare ruwa, muka bi yashi, sai ga wata rijiya. Wai ruwanta ake ba bayi su sha su manta gida kafin a zuba su jirgi. Sani ya ce ko a ɗebo mani, in manta da Yankara in zauna wurinsu. Da dariya ya faɗa, amma na san da gaske yake. Kowa cewa yake a bar wa Allah. Na bar masa, amma bai karɓe mani baki ba tukuna.

A bakin tekun, inda jiragen ke kwasarsu, na haɗa wa Ɗanlami waƙar daka. Kin san bakina. Kin tuna mahaucin da ya zage ki a kasuwar Sheme, wanda sai da ya canza rumfa saboda waƙata? Wancan wasa ne. Wannan farkonta: ina ɗan da ya sai da bayan da ya goye shi? Sunansa na ciki, ban sakaya ba.

Sani ya roƙe ni in bar waƙar, ya ce mutanen nan ba su da imani. Na sani. Amma bayan Juma’a zan hau mota in koma. Zan koya wa jikokinki mata, su koya wa ƙawayensu, har ya zamana ba turmin da za a ɗaga wa taɓarya a unguwar nan bai ji sunan Ɗanlami ba. Ya sha furar da aka daka da ita.

Abu guda ke damuna. Ke ce mai yi mani amshi. Na rera a bakin ruwa, na dakata inda kike shigowa, ba kowa. Tun muna ’yan mata muke lugude tare, ban taɓa koyon yi ni kaɗai ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta maki, Ya bi maki hakkinki tun a nan duniya. Ni kuma Ya ara mani kwana, har in ji yaran unguwa na rera ta a ƙofar gidansa. Amin.

Taubashiyarki,
Kande