Na Samo Kabarin Baba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Auta da yaranta? Ni lafiya lau nake. Aikin walda yana tafiya, sai dai idona kan yi ruwa da yamma. Kada ki damu, abokin ɗakina yana ɗiga min magani.

Inna, na samo kabarin Baba. Yana bayan tsohon sansanin fursunonin yaƙi, inda yanzu ake noma. Wani tsoho da aka kama tare da shi, wanda ya yi aure ya zauna a nan, shi ya kai ni. Yana ganina ya ce, "Kai ɗan Dogo ne! Wannan kunnen ba ya ɓuya." Muka yi ta dariya har yana share ƙwalla.

Ya ce Baba ne yake gyara musu takalma, yana waƙa da muryar nan tasa mai korar kaji. Zazzaɓi ne ya yi ajalinsa, ba duka ba. Na yi masa tambayar da ta daɗe tana hana ki sukuni, wato ko an yi wa Baba sutura. Ya ce, "Da ruwan shanmu muka wanke shi. Muka yi masa salla, muka fuskantar da shi alƙibla."

Na cire ciyawa, na yi addu'a, na zauna na ba Baba labarin jikokinsa. Don Allah ki aiko min da hotonsa na soja, tsohon yana son gani.

Inna, ba a yar da mijinki ba. Hannun masoya ne ya sa shi a makwancinsa.

Ki sa min albarka.

Ɗanki na fari