Tsohuwar da Ke Cikin Kwalba

Lahadi, 4 ga Yuni, 2023

Yau Mama Fotini ta tafi Girka, za a yi mata aikin zuciya. Shekara uku ina kwaɓa fulawa a gidan burodinta na Lusail, nan kusa da Doha, ko hannu ba ta taɓa bari na kai wa kwalbar nan ba. Sai yau, akwatinta na bakin ƙofa, ta ɗauko ta danƙa mini kamar jinjiri. Tsohon ƙulli ne mai tsami, shi ke tayar da burodinmu a maimakon yis. Daga ƙauyensu Miloneri ta zo da shi, wai ya girmi kakarta. A can tanderun gari ya daɗe da mutuwa, matan da ke da irinsa wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Wannan kaɗai ya rage.

"Rukayatu, fulawa da ruwa, safe da yamma. Ban da zafi." Abin da ta ce ke nan, ɗanta Manolis yana ta danna hon a waje.

Ban da zafi, a Doha, a watan Yuni. To. Na raɗa wa abin suna Tsohuwa.

Talata, 6 ga Yuni

Wani abu ya tsaya mini a rai. Mama ta taɓa faɗa mini cewa asalin ƙullin da ruwan cocinsu da ganyen ɗoɗɗoya aka fara shi. Na faɗa wa Ajaratu, abokiyar ɗakina, ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Ke, ruwan da aka zuba tun zamanin Turkawa? Shekara nawa kuna ɗura masa ruwan roba na Doha? Ai ya fi ki zama ɗan gari." Na yi bismilla na ba Tsohuwa abincinta.

Asabar, 10 ga Yuni

Da rana idan kasuwa ta lafa ina tsayawa gaban hotunan da ke bangon shago. Da can wucewa kawai nake. Yanzu da babu mai yi mini surutu, sai maganganunta suke dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙatuwar bishiyar tsakar gari, kamar gamji, wai cikinta rami ne har wani mai gyaran takalma ya taɓa yin shago a ciki. Ga marmaron da ruwa ke fitowa ta bakin zakin dutse, sanyinsa na sa haƙori tsami. Ga gada mai ƙusumbi, ga ɗakin niƙa da rafi ke juya dutsensa. Ga hasumiyar da ake hangen mahara daga samanta, yanzu baƙi ke hawa ɗaukar hoto.

Ta ce lokacin yaƙi sojoji sun ƙone garin, mata suka gudu kogo a saman tsauni. Kakarta ba ta ɗauki zinariya ba, ƙullin nan ta naɗe a tsumma ta cusa a ƙirji don kada sanyi ya kashe shi. Ita sanyi ta guje wa, ni zafi. Allah mai iko.

Litinin, 19 ga Yuni

Na yi gyangyaɗi a bas da yamma. Na ga kaina a kan gadar nan da tallan koko a kai, ruwa na gudu a ƙasa, tumaki masu ƙararrawa suna wucewa. Mma, mahaifiyata, tana zaune a gindin bishiyar tana suyar masa, kamar dama can wurin zamanta ne. Na farka muna unguwar Abu Hamour, direba yana cewa yalla, yalla, a sauka.

Alhamis, 22 ga Yuni

An yi aikin. Manolis ya ce ta farka, abin da ta fara tambaya kwalba.

Laraba, 28 ga Yuni

Sallah. An rufe shago na kwanaki, na taho da Tsohuwa ɗaki a cikin kular ƙanƙara. Ajaratu ta ce saura in yi mata ɗinkin Sallah. Mun ci nama, mun kira gida, na yi kuka kaɗan da na ji hayaniyar unguwarmu a Kumasi ta waya.

Juma'a, 30 ga Yuni

Iyakwandishan ɗakinmu ta mutu muna yawon Sallah a kasuwar Asian Town. Da muka dawo ɗakin kamar cikin tanderu. Tsohuwa ta kumbura ta yi ambaliya, sannan ta faɗi warwas. Wani ruwa toka-toka ya taru a samanta, warinta kamar maganin goge farce. Na ba ta fulawa. Ko motsi.

Lahadi, 2 ga Yuli

Shiru. Ko kumfa ɗaya.

Manolis ya leƙa kwalbar ya ɗaga kafaɗa. Ya ce khalas, wato shi ke nan, mu koma yis ɗin leda, masu saye ba za su gane ba, kuma kada a faɗa wa mamansa. Shi a Doha aka haife shi, ƙauyen wurin hutu ne a gare shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa ni ba zan yi wa mai ciwon zuciya ƙarya ba, kuma ba zan faɗa mata gaskiyar ba ma, ya ba ni mako guda. Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

Abin da ya tsira daga sojoji a ce a hannuna zai ƙare, don na tafi cin shinkafa a Asian Town.

Litinin, 3 ga Yuli

Na kira Mma. Sai da ta gama faɗan rashin kira sannan ta saurara. Ta ce, "Ƙullin Turawa ko na Zango, duk ƙulli ne. Zubar da ruwan saman. Ɗebo cokali ɗaya daga can tsakiya, ki bar sauran. Ki sa a tukunyar ƙasa, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kuma ki daina leƙawa, ba ya son ido."

Haka take yi da ragowar ƙullin masa tun ina ƙarama, ban taɓa tambayar daga wa ta samo nata ba. Yau na tambaya. Ta ce daga uwar mijinta. Sannan ta ce, "Sai yanzu kika tambaya."

Gariba, direban da ke kawo mana kayan miya, ya samo mini tukunyar ƙasa a bayan kasuwa wajen masu sayar da shuke-shuke. Ya ce bai taɓa yin jinyar fulawa ba sai a kaina.

Laraba, 5 ga Yuli

Na leƙa. Na san an hana ni.

Juma'a, 7 ga Yuli

Kumfa. Ƙanana, kamar idon kifi, a gefen kwalba. Ƙamshin ya dawo, tsami-tsami kamar kindirmo. Na zauna a ƙasan kicin na yi ta alhamdulillahi, fulawa har a gira. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba tun zuwana ƙasar nan.

Asabar, 22 ga Yuli

Burodi na tashi lafiya. Mama ta koma Miloneri wajen 'yar ƙanwarta tana murmurewa. Yanzu ba sai na yi barci ba nake ganin garin. Ina kwaɓi sai in ji kamar iska mai ƙamshin ganye ta shigo, in ji rafin can ƙasa. Na san hanyar daga marmaro zuwa ɗakin niƙa: a bi ta bayan coci, a sauka matakalar da akuya ta karya wa limaminsu ƙafa a kanta. Garin da ban taɓa takawa ba.

Talata, 15 ga Agusta

Yau ne babban bikinsu. Duk wanda ya bar garin yana dawowa, a dafa nama a manyan tukwane, a yi rawa an riƙe kafaɗun juna a ƙarƙashin bishiyar. Mama ta kira ta bidiyo. Ta rame, tana kan kujera da bargo a gwiwa. Ta zagaya da wayar na ga zakin, ashe ƙarami ne, hancinsa ma ya guntule. Sai ta nuna mini burodin da ke kan tebur, na leda, daga birni aka sayo.

Ta ce ba za ta dawo Doha ba, likita ya hana. 'Yar ƙanwarta ta share tanderun gari. "Rukayatu, ki aiko mini da ƙullina gida."

Na ce to, Mama. Da na kashe wayar na shiga ɗakin ajiya na daɗe ina gyara buhunan da ba su buƙatar gyara.

Lahadi, 20 ga Agusta

Na shafa Tsohuwa siriri a kan farin ƙyalle kamar yadda Mama ta kwatanta, ta bushe, na marmashe. Duk Tsohuwa ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Manolis, da zai tafi wajen mamansa, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ba a akwati ba, kuma ba ni na ce ya yi haka ba. Idan ya dawo shago zai koma yis. Na wanke kwalbar na kife.

Alhamis, 31 ga Agusta

Hoto ya zo. Burodi zagayayye, bayansa ya tsage, hayaƙi na fita daga tanderun dutse, tsofaffi sun yi layi da ƙyallayensu. Mama ta kifa fuskarta a kan nata burodin, ba a ganin idonta. Manolis ya ce ta daɗe a haka, sannan ta gutsura ta ce a kai wa maƙwabta.

Tsohuwa ta isa gida. Shi ke nan, na sauke.

Asabar, 2 ga Satumba

Ba wai ajiye ragowar Tsohuwa na yi ba. Cokalin da na shafa ta da shi ne na manta ban wanke ba, ya faɗa cikin wata 'yar kwalbar zuma, kuma fulawa ba ta da wuya a gidan burodi. Tana cikin tukunyar Gariba a ƙarƙashin gadona.

Ɗazu Ajaratu tana ƙorafin ruwan famfo ya yi zafi kamar na shayi, na ce ai a garinmu ta bakin zaki yake fitowa, sanyi har haƙori. Ta dakata da tsefe a hannu. "Wane garin naku?"

Lokacin abincin yamman Tsohuwa ya yi, na tashi na ɗauko fulawa.