Dashen Dabinon Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar taka? Yaya Inna?

Na san labari ya riga wasiƙata isowa: an ƙona dashen dabinon da ka sayo daga ƙasar waje, kuma Yaya ce ta sa hannu. Kafin ka yanke mata hukunci ka saurari autarka, don a gabana aka yi, ranar da na kai mata abinci ofis.

Ka san aikinsu, duk shukar da ta sauka a filin jirgi sai an killace ta an duba. Da aka zo kan dashenka, ta juya bayan ganye, sai ga wani jan abu kamar garin barkono. Ni cewa na yi ƙura ce. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya da tsinin allura, ta ɗora a ɗan gilashi, ta ce in leƙa madubinsu mai ƙara girma. Baba, sai da na ja da baya! Ashe ƙwaro ne dangin kaska. Ta ce muna da irinsa a gida, gashin bayansu kaɗai ke bambanta su. Namu ɓarnarsa kaɗan ce, baƙon kuwa in ya shiga gona sai ya busar da ganye ƙarƙaf.

Ta ƙirga gashin, ta sake ƙirgawa. Sannan ta miƙa wa abokin aikinta gilashin, ba ta faɗa masa dashen na mahaifinta ne ba. Shi ma ya ce baƙo ne. Wallahi da ni ce, da na kau da kai. Ita kuwa tsofaffin dabinon Kaka ta tuna, da suke daf da inda za ka dasa.

Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba. Amma ta daina cin abinci, kai kuma ka ƙi ɗaga wayarta.

Taka har kullum,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, a gaishe min da Inna.

Ambulan ɗinka ya iso. Na zazzage shi ina neman rubutu, ba ko kalma, sai ganyen dabinon Kaka. Kai ma dai, Baba! Yaya kuwa nan take ta gane so kake ta duba maka.

Ta bi ƙwarin da ke jikin ganyen ɗaya bayan ɗaya. Duk 'yan gida ne, babu baƙo. Ta ce in gaya maka gonarka lafiya lau, tana faɗa tana hawaye har sai da ta goge madubin.

Yau ta cinye abincinta, ta haɗa da nawa.

'Yarka,
Auta