Maɓallin Madam Haug

Stuttgart, 9 ga Mayu, 1976

Yayana Reinhold,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Marlies da yara, da fatan sanyin Kanada ya fara sakin ku. Allah ya ƙara maka lafiyar bayan nan naka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da take tashi tana kwantawa. Na rubuto ne don hankalinka ya kwanta: ba za a tashi Mama daga gidanta ba. Ni kaina sai yanzu nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

Ka san tun da Mama ta auri Moncef, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta. Wai mace mai shekara sittin da ɗaya ta kwaso ɗan Tunisiya sa'an ɗanta. Sun rasa laifin da za su kama, don mutumin ba ya hayaniya, daga gyaran tarago sai gida. Sai suka koma kan makon shara, wanda masu haya ke karɓa bi da bi. Madam Haug ta hawa na biyu, wadda ta sha murɗe maka kunne kana yaro, ta zagaya gida-gida aka sa hannu a takarda, cewa duk makon da allon shara ya zo ƙofar Mama ba a share matakala. Ka san a garin nan gara a ce ka yi sata da a ce ka tsallake makonka. Mai gidan, tsoho Kienzle, ya ce a taru ranar Asabar, in abin ya tabbata su kwashe kayansu. Shekara talatin da huɗu Mama ta yi a ɗakunan nan, can Baba ya rasu.

Zan faɗa maka abin da nake jin kunyarsa: ni ma na yarda da su. Na san Mama ba ta iya durƙuso, Moncef ne yake sharar, kuma a raina na ce ina namiji, baƙo kuma, zai san yadda ake goge matakala. Na je taron da niyyar roƙo kawai.

Madam Haug ta tashi da hujjarta. Ta ce makonni shida tana ɓoye maɓallin riga ƙarƙashin tabarmar ƙofar shiga duk lokacin da sharar ta zo kansu, kuma duk Lahadi tana samunsa inda ta ajiye shi, ko motsawa bai yi ba. Wato, in ji ta, ba a ɗaga tabarmar a share ke nan. Mama ta sunkuyar da kai. Moncef ya dubi matar, da gaske yake, ya ce, “Au, naki ne, Madam? Ai duk Asabar sai na wanke shi in mayar. Ranar da na tare a nan, matata ta ce kar in kuskura in kawar da kayan kowa a gidan nan, ko da tsinke ne.”

Kienzle ya karɓi maɓallin ya jujjuya shi a tafin hannu, sai ƙyalli yake. Ya sauka da kansa ya ɗaga tabarmar, ya shafa ƙasa da yatsa, bai samo ko ƙura ba. Da ya hawo ya ce shekara arba'in yana da gidan nan bai taɓa ganin wanda ya wanke tarkon da aka ɗana masa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, “Madam Jelassi, ki yi haƙuri mun tsayar da ke a kan gwiwa mai ciwo.” Shi ne mutum na farko a gidan da ya kira ta da sunan mijinta. Ni da ta haifa ban taɓa yi ba.

Kar ka ɗauka sun zama 'yan'uwa. Madam Haug har yanzu bango take gaisarwa in sun haɗu. Amma Mama na nan a kujerarta ta bakin taga, na ci miyar wake da su jiya, ta yi dariya har da tari. Na ba Moncef haƙuri a kicin, ya ce bai san na yi masa komai ba, ya miƙo mini tawul in goge kwanuka.

Yaya, wata goma sha huɗu ba ka rubuto mata ba. Ba ta faɗa, amma kullum da gwiwar nan take sauka duba akwatin wasiƙu. In za ka rubuto, ka sa sunan Jelassi a bayan ambulan, don shi kaɗai ne a jikin akwatin yanzu.

Ka gaishe da Marlies, da Jochen, da ƙaramar Birgit. Mijina Eberhard yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Irmgard