Makunnin Wutar Tela

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaran baki ɗaya. Allah Ya yi wa nemanka albarka, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Yayarka tana lafiya, mijinta ma haka, in ban da ciwon bayan nan nasa na yawan zama a mota. Babbar 'yarsu ta gama jarrabawa, tana jiran sakamako. Baffanka ya daina fita, an ce ƙafa ce. Ban samu zuwa duba shi ba, shi ma bai samu zuwa duba ni ba, sai aike muke yi wa juna. Ni kuwa ƙugun ya yi sauƙi, ina takawa da sanda daga ɗaki zuwa tsakar gida. Hannu ne yake rawa, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace kada ka ɗauka wani abu ne.

Na zaɓi in rubuto maimakon waya, domin a waya kai kake magana ni ina cewa to, sai an kashe sannan in tuna abin da na so faɗa. Abu biyu ne a gabanmu. Ka ce in gaya maka gaskiyar yadda na ga wutar solar da ka sa mini, tunda kana son ka sa wa surukarka irinta. Sannan kai da yayarka, tun bayan faɗuwar da na yi, kun yanke shawarar a sayar da tsohon janareta, a ƙara batir, in kuma kwashe kayana in koma gidanta da zama. Zan faɗi abin da na gani, in ya so ku auna.

Alherin sola da na fara lura da shi shi ne shiru. Na daɗe da rurin janareta a bayan taga har na manta gidan nan yana da wasu sautuka. Yanzu ina jin ɗigar famfo, ina jin kurciyoyi a kan katanga, ina sauraron labarai ba sai na manna rediyo a kunne ba. Tarin da nake yi da safe ya ragu ƙwarai, har likita ya tambaye ni ko na canza gida. Bangon da ke bayan janaretan yana nan baƙi ƙirin, in na dube shi sai in ce ashe irin wannan nake ta zubawa a ƙirjina. Na huta da neman wanda zai ɗauki jarka ya bi layin gidan mai, na huta da zullumin ko an gauraya man da wani abu. Maganin da aka ce a ajiye a sanyi yana cikin firji, ba ruwana da ko wutar gari ta zo ko ba ta zo ba. Muna makaranta malaminmu na kimiyya ya taɓa fitar da mu fili, ya ƙona takarda da gilashi a tsakar rana, ya ce jikokinmu da wannan za su yi aiki. Muka yi masa dariya a ɓoye. Ga shi ban ma jira jikokin ba.

Amma sola tana da nata halin. In hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, batir yakan yi ƙasa, akwatin nan da suke kira inbata ya fara kuka kamar ɗan tsako, can sai komai ya mutu. Ba ta shiri da dutsen guga, sai da rana tsaka, shi ma a gurguje. Farantan da ke kan rufi suna son wanki, domin ƙura da kashin tsuntsaye suna rage musu ƙarfi, ni kuwa da tsani mun yi sallama tuntuni. Mai haɗa wutar ya ce batir ma yana tsufa, in ya mutu kuma ba abin jefarwa a bola ba ne, don abin da ke cikinsa guba ne. Da na tambaye shi ina ake kai su, sai ya sosa ƙeya. Janareta in ya lalace, kowane lungu akwai mai kwance shi. Wannan kuwa in ta nuna jar fitila, mutum ɗaya ake jira, shi kuma kullum yana kan rufin wani. Tukunyar gas da ka haɗa mini da ita ma haka take. Tana da sauri, ba toka ba hayaƙi, sai dai hancina ya daina jin wari sosai, in tana yoyo ba lallai in sani ba. Kuma ba ta gargaɗi. Buhun gawayi kana ganinsa yana raguwa, ita kuwa sai ruwa yana gab da tafasa ta ɗauke. Mijin yayarka ya mayar da motarsa mai amfani da gas, yana yabon sauƙinta, amma tukunyar ta cinye masa wurin kaya, wurin cikawa kuma yana can ɗaya ƙarshen gari. Kowanne dai ya ɗauke wata wahala ya ajiye wata, a nawa gani kuma wadda ya ɗauke ta fi wadda ya ajiye nauyi.

Akwai abu ɗaya da mai haɗa wutar bai faɗa ba, domin bai san da shi ba, ni ma ban sani ba. Ka tuna telan da shagonsa yake jingine da katangarmu. Tun bayan rasuwar mahaifiyarku, da kafaɗata ta kasa jan igiyar janareta, muka daidaita da shi: yana shigowa kullum da yamma ya ja mini igiya, ni kuma na bar shi ya ja waya ta kan katanga zuwa shagonsa, ta ƙwai ɗaya da keken ɗinkinsa na lantarki. Janaretan nan ba ya tashi a ja ɗaya. Sai ya ja, ya yi masa tsaki, ya cire fulogi ya goge da gefen rigarsa, ya sake ja, ni ina kan kujera ina ba shi umarnin da ba ya bi. Yana kirana manajan kamfanin wuta, ni kuma ina ce masa ya fi ƙwarewa a yanka alkawari bisa yanka yadi. In ya tashi, ƙara ba ta barin a ji magana, sai mu yi sallama da hannu. Ban taɓa ɗaukar wannan ziyara ba. Aiki ne.

Da aka sa sola na ce a bar wayarsa, a haɗa ta da sabuwar wuta. Ya yi godiya ƙwarai, tunda yanzu yana da wuta safe da yamma. Sai dai igiyar da za a ja babu. Da farko ya riƙa leƙowa, daga baya sai ran da ya tuna, daga baya sai gaisuwa ta kan katanga. Ban ga laifinsa ba. Mutum mai iyali, ga ɗinkin mutane a gabansa, ba ya shiga gidan wani haka kawai. Mai gawayi ma ya daina ƙwanƙwasa ƙofa, mai gyaran janareta kuwa rabona da shi har na manta. Ban lura cewa duk mai shigowa gidan nan wata matsala ce take kawo shi ba, sai da matsalolin suka ƙare. Saboda haka in za ka sa wa surukarka, ka sa, abu ne mai kyau. Amma ka fara tambayarta su wa suke shiga gidanta a rana, kuma me yake kawo su.

Yanzu ga faɗuwar, domin labarin ya iso maka a juye. Yayarka ta ji an ce wuta ta ɗauke, an kuma ce Baba ya faɗi, sai ta haɗa biyun ta gaya maka na yi tuntuɓe ne a duhu saboda batir ya gaza. Ba haka aka yi ba. Da hasken rana na faɗi, bayan la'asar, wuta kuma tana nan daram. Ana ruwa ne, bakin ƙofar banɗaki ya jiƙe, sandar ta zame. Ƙugu ya ƙi ɗaukata, wayata kuma tana ɗaki a jikin caji. Na yi kira, amma ruwa a kan kwano ya fi muryata. A da, lokacin shigowar tela ya kusa. Ran nan kuwa fanka tana ta juyawa a ɗaki, firji yana aikinsa, komai na gidan lafiya lau in ban da mai gidan. Na ja jiki zuwa ƙarƙashin rumfa, a nan na kwana. Kwanakin duk hadari ne, batir bai cika ba, ga fanka da fitilu ba wanda ya kashe su. Gari na wayewa ya ƙare. Tela ya buɗe shago, ya taka keke, keke ya ƙi. Daga baya ya gaya mini da niyyar tsokana ya zo, zai tambayi manaja ko kamfani ya karye. Da ya yi ta sallama bai ji an amsa ba, don muryata ta riga ta dushe, sai ya haura katanga.

To ka gani. Da babban batirin da kuke son saya ne a gidan, da keken tela ya tashi, da ya yi ɗinkinsa har yamma, wataƙila washegari ma haka. Ba ina cewa ƙaramin batir ya fi babba ba, wannan maganar banza ce. Ina cewa ne abin da kuka ɗauka shi ya kayar da ni, shi ya sa aka same ni, kuma ba a gina shawara a kan labarin da aka ji a juye.

Yayarka ta zo ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ba za ta sake barina ni kaɗai ba. Na fahimce ta, Allah Ya yi mata albarka. Amma na auna gidanta kamar yadda na auna sola. Bene ne, matakala kuma ba ta shiri da ƙuguna, in na hau na hau ke nan. Ita da mijinta suna fita da sassafe, yara su tafi makaranta, a kulle ƙofa. In na faɗi a can za a same ni da yamma, na yarda wannan ya fi kwana a rumfa. Amma sauran ranakun da ban faɗi ba, waɗanda su suka fi yawa, zan yi su ne a bakin taga ina kallon rufin motoci. A nan na san kowane tudu da kwari na tsakar gida, na san muryar kowane mai wucewa.

Ga abin da na yi. Na kira mai haɗa wutar na ce ya biyo da wayar tela ta ɗakina, ya sa mata makunni a bango kusa da ƙofa. Ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin wanda ya nemi a ƙara wa wuta matsala ba, amma ya sa. Yanzu da safe ni nake kunna wa tela, da azahar in ya tashi cin abinci in kashe, da la'asar in sake kunnawa, in zai rufe shago in kashe. In lokaci ya yi ƙwan shagonsa bai kama ba, ko bai mutu ba, ya san abin yi. Na ba shi makullin ƙofa don ya huta da hawan katanga, shi ma ba yaro ba ne.

Ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci nakan makara wajen kunnawar la'asar, kuma ba mantuwa ba ce. Ranar farko ya shigo a guje, ya same ni a kan kujera, ruwan shayi yana kan gas. Ya yi faɗa sosai, ya ce manaja zai sa masa hawan jini. Yanzu in ya shigo yakan dubi makunnin, ya dube ni, ya jawo ɗaya kujerar. Bai taɓa miƙa hannu ya kunna da kansa ba. Na san hatsarin wannan, in na yawaita wata rana zai ɗauka wasa ne ya ƙi hanzari. Shi ya sa ba na yawaitawa.

Saboda haka a sayar da janaretan, ba na kewarsa. A ƙara batirin, yanzu ba zai cutar da ni ba. Amma ka yi wa yayarka magana, ta fi jin taka bisa tawa. Ku bar ni a gidana muddin hannuna yana kaiwa ga makunnin nan. Ran da ya kasa kaiwa, tela zai riga ku sani, kuma ba sai kun roƙe ni ba.

Ka gai da maiɗakinka da kyau, ka miƙa gaisuwata ga surukarka da fatan ƙarin lafiya. Ka shafa mini kan takwarana, ka ce masa ya dage da karatu. Ƙanwarsa kuma ka ce mata angonta yana nan da sandarsa, in ta daɗe ba ta zo ba zai nemi wata. Baffanka ya aiko a gaishe ku, yayarka da mijinta ma suna gaisuwa. Allah Ya yi muku albarka, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka