Motar Maigidana Tana Ƙara, Shi Kuma Ya Kasa Faɗa Min Dalili

Anti, don Allah ki taimaka min, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce. Maigidana direba ne tun kafin ya aure ni, da tsohuwar motarsa ya riƙe gidanmu. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ma sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Da na ga wahalar da yake sha wajen shiga motar haya, sai na cire tsoro na koyi tuƙi, ni da ko keke ban taɓa hawa ba. Yanzu ni nake kai shi asibiti gashin ƙashi, kuma alhamdu lillahi ya fara takawa da sanda.

To, motar ce ta ɓullo da wata ƙara a gaba, ta gefen da yake zama. In muka hau titin bayan makarantarmu mai gargada, sai ki ji ƙwas-ƙwas kamar ana buga cokali a murfin tukunya. A kan kwalta mai kyau kuwa tsit. Sitiyari bai canja min ba. Bakanike na farko ya ce shokozoba ce, wato abin da ke shanye girgizar hanya, ko tasowa daga kan benci bai yi ba. Na biyu ya ce ƙafar gaba gaba ɗaya za a sauke. Na uku ya ce in ƙara muryar rediyo, tsufa ne, shi ma haka gwiwarsa take yi.

Yayan maigidana ya ce a sayar da ita kafin taya ta fice a kan hanya in kashe masa ƙani. Anti, maganar nan ta tsaya min a rai. Shi kuma maigida, da ƙarar ta tashi sai ya dinga dukan gaban motar da hannun hagu yana nuna ƙasa, bakinsa yana rawa, kalmar ta ƙi fita. Shekaranjiya har da hawaye. Na san in aka sayar da motar nan zai karaya, amma ni ma yanzu gabana faɗuwa yake duk sanda na kunna ta. Yaya zan yi?

Matar Direba

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan jinya.

Ba zan iya gano ciwon mota daga nesa ba, amma bayaninki ya kwantar min da hankali. 'Yar ƙara a kan gargada, shiru a kan kwalta, sitiyari lafiya, galibi wani ɗan siririn ƙarfe ne mai haɗa ƙafar taya da ƙarfen daidaita mota, ko robobin da ake kira bushin suka cinye. Gyaran ba mai nauyi ba ne.

Sai dai kada ki riƙe yayan mijinki a rai. Lafazinsa ne ya yi kaushi, tsoronsa kuwa yana kan hanya. Akwai mahaɗin da ke riƙe taya, wato bol-join, in ya mutu aka ƙyale shi taya tana iya karyewa ana cikin tafiya. Saboda haka batun rediyo ki bar shi a matsayin raha.

Ki fara a ƙofar gida. Danna gaban motar da ƙarfi ki saki. In ta yi ta lilo, ko kika ga mai ya jiƙa jikin shokozoba, to bakanike na farko ya canka. In ta tsaya cak, ki nemi mai gyaran ƙafa, ba mai inji ba. Ki sa ya shiga ku bi titin nan ya ji da kunnensa, sannan ya ɗaga motar ya girgiza tayar a gabanki. In tana wasa sama da ƙasa, ko hagu da dama, kada ki sake ɗaukar kowa sai an canja abin da ya lalace, a kuma nuna miki tsohon. Haka nan in sitiyari ya fara yawo, ko taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, ki ajiye ta.

Maigida kuma, bakinsa ne ya yi nauyi, kunnensa da iliminsa suna nan. Ki tafi da shi garejin, a sa masa kujera kusa da tayar, bakanike ya dinga taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya shi yana gyaɗa kai ko girgizawa. Ki gayyaci yayan nasa ma cikin ladabi ya zo ya gani da idonsa. In aka duba aka ce lalacewar ta wuce gyara, sai ku yanke shawarar sayarwa tare da mai motar, ba a bayan idonsa ba.

Ni dai ina kyautata zaton gyara za a yi ku koma hanya. Allah ya tashi kafaɗarsa, ya kai ku ranar da za ki koma kujerar gefe shi ya karɓi makulli.

Antinku